Kashi na 26 na Yamato: yadda aka rufe labarin, da inda aikin ya yi rauni

Ranar Lahadi 30 ga Maris 1975, da ƙarfe bakwai da rabi na yamma, tashar Yomiuri ta Japan ta nuna kashi na 26 kuma na ƙarshe na katun ɗin Uchu Senkan Yamato. An fara shi ne ranar 6 ga Oktoba 1974, da niyyar a yi kashi 39. Masu kallo suka yi ƙaranci, domin a daidai wannan lokaci wata tashar tana nuna katun ɗin Heidi, wanda yara da iyayensu suka raja'a a kansa. Sai aka datse Yamato zuwa kashi 26. Abin da datsewar ta jawo shi ne, tafiyar zuwa ta cinye kashi 25, dawowa gida kuwa aka cusa ta cikin kashi ɗaya tak, minti ashirin da 'yan kai.

Duk mai zane mai motsi a nan Jos, ko mai rubuta fim mai dogon zango, ko ɗalibin Cibiyar Koyon Aikin Fim ta Ƙasa, ya kamata ya zauna da wannan kashi ya warware shi. Rabinsa aiki ne da har yau ba a cika samun irinsa ba, rabinsa kuma faci ne da ake ganin zarensa daga nesa. Wanda bai kalla ba kuma ba ya so a ɓata masa, to ya tsaya a nan, domin zan faɗi komai.

Labarin a shekarar 2199 yake. Daular Gamilas ta yi wa Duniya ruwan bama-bamai masu gubar nukiliya har teku ta ƙafe, doron ƙasa ya yi jajir, mutane suka koma biranen ƙarƙashin ƙasa. Gubar tana bin su ciki a hankali, saura shekara guda ta gama da kowa. Sai ga saƙo daga Starsha, sarauniyar wata duniya mai suna Iskandar: tana da na'urar wanke gubar, Cosmo Cleaner D, amma sai an je an karɓa. Ta haɗo da zanen wani inji mai iya tsallake sarari. Aka ɗora injin a gawar jirgin yaƙin ruwa Yamato, wanda a tarihin gaske jiragen saman Amurka suka nutsar ranar 7 ga Afrilu 1945 a kan hanyarsa ta zuwa Okinawa, da mutum fiye da 3,000. Furodusan shirin Yoshinobu Nishizaki ne, Leiji Matsumoto ya tsara kamanni da yawancin fasalin labarin, Hiroshi Miyagawa ya yi kiɗa.

Abu na farko da ya riƙe ƙarshen nan shi ne lissafi. Iskandar tana nisan tafiyar haske ta shekara 148,000. Zuwa da dawowa 296,000 ke nan, cikin kwana 365. Raba ka gani: kullum sai jirgin ya ci nisan tafiyar haske ta shekara 811 kafin a ce yana kan lokaci. A ƙarshen kowane kashi kuma sai rubutu ya fito a allo yana faɗin kwanakin da suka rage wa 'yan Adam. Zane ɗaya ne mara motsi, da muryar mai ba da labari, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Amma saboda shi, duk kwanan da aka ɓata ana gyaran jirgi, mai kallo yana jin sa a jikinsa. Shi ya sa da aka zo kashi na 26 ba a buƙaci wani ya tsaya yana bayanin cewa lokaci ya ƙure ba.

Na biyu shi ne igwar Hado, babbar bindigar da bakinta yake a hancin jirgin. Dubi yadda ake harba ta. Ana tsayar da tuƙi, a juya duk ƙarfin injin zuwa igwar, fitilun ɗakin tuƙi su dusashe. Madubin saiti ya taso a gaban Susumu Kodai, shugaban sashen yaƙi, ya kama kunama mai siffar ƙaramar bindiga da hannu biyu. Ana faɗin yadda ƙarfi yake hawa har ya kai kashi 120 cikin ɗari. Kowa ya sa baƙin tabarau saboda hasken, a ƙirga daga goma zuwa sifiri. Bayan an harba, jirgin yakan zauna ba ƙarfi na ɗan lokaci, ko yaro ya zo zai iya cin sa da yaƙi. Tun a kashi na 5 aka kafa waɗannan dokoki, lokacin da suka so rusa wani sansanin abokan gaba a sararin Jupiter, harbin ya shafe tsibirin da sansanin yake kai gaba ɗaya, tsibiri mai girman Ostareliya. Su kansu sun tsorata da abin da ke hannunsu. Makamin da yake da tsada haka, da jinkiri, da haɗari, marubuci ba zai iya zaro shi duk sanda ya maƙale ba. A kashi na 22 ma Janar Domel na Gamilas toshe bakin igwar ya yi da wani makami mai linzami mai kan barima, sai da injiniya Sanada da mutum-mutumin Analyzer suka shiga cikinsa suka juya wayoyinsa ya koma da baya.

A ganina ƙololuwar yaƙin ba a kashi na 26 take ba, a na 24 take. An gano cewa Iskandar da Gamilas tagwayen duniyoyi ne, ɗaya a gefen ɗaya. An jawo Yamato cikin kogon duniyar Gamilas, tekun da ke ƙasa asid ne irin na ruwan batir, makamai kuma suna zubowa daga rufin kogon. Kyaftin Okita, shugaban jirgin, yana kwance ba lafiya, ya ba Kodai shawarar da ba wanda zai yi tunaninta: a nutsar da jirgin cikin asid ɗin, a nemo jijiyar duwatsu masu aman wuta, a harbe ta da igwar. Aka yi haka, duniyar ta kama da wuta. Da ƙura ta lafa, Kodai ya fito ya ga birni shiru ba mai motsi, ya gane cewa mutanen Gamilas su ma wurin zama suke nema, domin tasu duniyar tana mutuwa. Ya jefar da bindigarsa yana kuka. A katun ɗin yara na 1975, jarumi ya ci yaƙi ya tsaya yana nadama, wannan ba ƙaramin abu ba ne, musamman a ƙasar da shekara talatin kafin nan ta ga biranenta sun zama toka.

Kashi na 25 shi ne ya fi shan wahalar datsewar. A ciki aka sauka Iskandar, aka ga Starsha, aka tarar da Mamoru, yayan Kodai da aka ɗauka ya mutu tun kashi na 1, yana raye a hannunta, wasu ma'aikatan jirgi suka yi bore suka sace Yuki Mori, ma'aikaciyar jirgin da Kodai yake so, aka loda na'urar a wargaje, Mamoru ya zaɓi zama da Starsha. Duk a zama ɗaya. A tsarin farko an so Mamoru ya riƙa ɓullowa a hanya da sunan Kyaftin Harlock, ɗan fashin sarari, yana taimakon jirgin a ɓoye. Wannan duk ya tafi da kashi 13 ɗin da aka yanke, shi ya sa bayyanarsa ta zo kamar daga sama.

To, ga yadda kashi na 26 ya gudana. Sanada yana haɗa na'urar a hanya, bai gama gwada ta ba. Desler, shugaban Gamilas, wanda aka zaci gini ya danne shi, ashe ya tsira da jirginsa. Ya biyo su, jirginsa ya soki cikin Yamato, sojojinsa suka shigo suna sakin iska mai gubar nukiliya. Yuki ta ga Kodai zai halaka, ta hau na'urar da ba a gwada ba ta kunna. Iskar jirgin ta wanku, mutanen Gamilas suka ja da baya, amma a daƙiƙun farko na aikinta na'urar ta fitar da wata guba da ta kashe Yuki. Ana dab da Duniya Desler ya sake dawowa, ya harba tasa igwar. Sanada ya danna wani maɓalli, jikin jirgin ya rufe da wani shafe mai ƙyalli, harbin ya koma kan mai shi. Daga nan Okita ya rasu, Yuki ta farfaɗo, jar Duniya ta koma shuɗiya.

Ƙarshen fim mai dogon zango adashe ne, abin da ka zuba mako-mako shi za ka kwasa. Mu duba wanne aka zuba a nan, wanne kuma aka ci bashi.

Shafen Sanada bashi ne. Ba a taɓa nuna shi ba, ba a taɓa gwada shi ba, ba a ga ranar da ya ƙi aiki ba. Marubutan sun san da haka, shi ya sa suka sa a bakinsa cewa ya samo dabarar daga madubban da Gamilas ta yi amfani da su a Pluto, can a kashi na 7 da na 8, ya kuma ƙera shi a ɓoye. Magana ɗaya bayan an gama ba ta maye gurbin abin da ido ya gani. Da an ba shi ko da daƙiƙa ashirin a wani kashi na tsakiya, a ga Sanada ya shafa wa ƙaramin ƙarfe, ya harba, shafen ya riƙe na ɗan lokaci sannan ya narke, da mai kallo ya zo ƙarshe yana fargabar ko zai riƙe a wannan karo.

Janyewar sojojin Desler ma akwai tsaga a ciki. Hujjar ita ce ba sa iya shaƙar iska irin tamu. Amma a kashi na 13 an kama matuƙin jirgin Gamilas, an duba shi a cikin Yamato, an tabbatar jikinsa irin na mutane ne, yana numfashi lafiya lau. Irin wannan yakan faru idan hannu da yawa suna rubutu cikin gaggawa ba tare da littafin dokokin labari guda ɗaya ba. Shirin yana da tarihin haka: a kashin farko-farko fatar mutanen Gamilas irin ta sauran mutane ce, daga baya ta koma shuɗiya, har aka zana Desler yana tafiya launinsa yana sauyawa don a ɗora laifin a kan hasken fitila. Maganin wannan ba tsada. Takarda ɗaya ce, a rubuta duk abin da zai kashe ko ya ceci wani a kashin ƙarshe, a gefen kowanne a sa lambar kashin da mai kallo ya fara ganinsa da idonsa, da lambar kashin da ya ga iyakarsa. Duk layin da ya zauna ba lamba, ko dai a koma a shuka shi, ko a cire shi.

Farfaɗowar Yuki ita ce babban bashin. An nuna mana ta mutu, Kodai ya ɗauko ta zuwa ɗakin tuƙi don ta "ga" Duniya, sai kawai ta buɗe ido. Ba a ba da dalili ba. An jera ta da rasuwar Okita don mai kallo ya ji kamar rai ɗaya ya tafi ɗaya ya dawo. Kiɗan Miyagawa yana iya ɗaukar mutum ya wuce wurin bai yi tambaya ba, amma a kallo na biyu tambayar tana nan.

Rasuwar Okita kuwa, wannan an biya kuɗinta tun daga farko. Mun san ɗansa ya mutu a yaƙin Pluto. Mun ga ciwon gubar sarari yana cin sa, ya faɗi a bakin aiki, ya miƙa wa Kodai riƙon jirgi. A kashi na 10, da aka ba kowa minti biyar ya yi sallama da iyalinsa kafin a fita daga da'irar rana, shi da Kodai ne ba su da wanda za su kira, suka zauna tare. Saboda haka a ƙarshe ba a buƙaci komai ba. Yana kwance a ɗakinsa da ke can saman jirgin, Duniya ta cika taga, har yanzu ja ce. Ya roƙi Dakta Sado ya bar shi shi kaɗai. Ya ciro hoton iyalinsa, hawaye ya zubo, ya yi magana ɗaya gajeriya ta kewar gida. Hannun ya saki, hoton ya sauka ƙasa. Sado ya buɗe ƙofa, ya tsaya, ya sara masa. A ƙasa matasa suna ta murna ba su sani ba.

Masu zane, ku ƙirga abin da wannan fage ya ci. Fim yana tafiya da hotuna ɗai-ɗai da ake kira firam, guda 24 a daƙiƙa, wato 1,440 a minti. Katun ɗin talabijin na Japan yakan bar zane ɗaya ya zauna firam uku, zane 8 a daƙiƙa ke nan, 480 a minti. Kashi mai minti 22 yana da firam 31,680, da za a motsa komai ko a kan uku-uku sai an yi zane 10,560. Abin da aka saba kashewa a kashi ɗaya bai wuce dubu uku zuwa huɗu ba. Ragowar lokacin ana cike shi da zane a tsaye, da jan kyamara a kan bango, da baki mai siffa uku: a rufe, rabi, a buɗe. Fagen Okita kusan duk haka yake. Abin da ke motsi a ciki hawaye ne, da hannu, da hoto, da ƙofa. An tara zanen an kai shi inda jirgi yake juyawa, domin Yamato jirgi ne mai wahalar zane, da hasumiya da bindigogi da layuka barkatai, kuma kowane zane da hannu ake bin sa a kan leda mai garai-garai, a shafa fenti ta baya, a ɗora a kan bango, a ɗauka firam ɗaya-ɗaya. Ledar ma tana da iyaka, kowane ƙarin shafi yana rage hasken na ƙasa da shi, idan suka yi yawa launi ya dusashe, ga ƙura da inuwar gefen leda.

Kuskuren da ya fi yawa a ayyukan masu tasowa shi ne akasin wannan. Ana ƙone ƙarfi a kashi na ɗaya don a burge mutane, a zo na ƙarshe ba lokaci ba kuɗi, ga wuta tana zuwa tana tafiya. Wanda yake aiki da manhajar zane irin su OpenToonz ko Krita ko Blender ya fara ware zanen kashin ƙarshe tun kafin ya taɓa na farko. In fage na daƙiƙa goma ne na mutum yana kallon taga, firam 240 ke nan, zane ɗaya ya isa idan bango yana tafiya. A allo mai faɗin fiksel 1,920, jan fiksel 4 a kowane firam zai ci 960, don haka a zana bangon da faɗin 2,880 ko fiye, in ba haka ba gefensa zai leƙo kafin fagen ya ƙare. In jan ya yi sauri da yawa, taurari da layukan tsaye sukan riƙa rawa a ido, sai a rage gudun ko a ƙara tsawon fagen.

Hasken igwa da na fashewa, a zamanin leda, sau biyu ake ɗaukarsa. A zagaye na farko a rufe wurin hasken da baƙi a ɗauki sauran hoton. A mayar da fim baya, a rufe ko'ina da baƙar takarda ban da wurin, a kunna fitila ta ƙasa, a sa gilashi mai tausasa haske a bakin kyamara, a sake ɗauka. In takardun biyu suka goce ko da kaɗan, baƙin layi ya fito a gefen hasken. A kwamfuta shafi uku ne: farin tsakiya siriri, launi mai ɗan faɗi a bayansa, sai hazo mai faɗi sosai da aka rage wa ƙarfi. Masu koyo sukan sa hazon ya yi yawa har ya cinye jirgin, su kuma manta cewa hasken ya kamata ya taɓa fuskokin da ke kusa da shi. Wani tarkon kuma na sauti ne. Talabijin ɗinmu a kan firam 25 yake, katun kuma galibi a kan 24 ake zana shi. In aka fitar da hoton minti 22 a kan 25 aka bar sautin yadda yake, hoto zai riga sauti ƙarewa da kusan daƙiƙa 53, baki da murya su rabu tun a mintin farko. A tsayar da lamba ɗaya tun ranar da aka buɗe aikin.

Abin da ya biyo bayan 1975 ya nuna illar cin bashin nan. Maimaicin shirin ya samu karɓuwa, fim ɗin da aka harhaɗa daga cikinsa ya fito a Agustan 1977, matasa suka kwana a layin silima. A Agustan 1978 aka yi fim ɗin bankwana, inda yawancin jaruman suka mutu, Kodai ya tuƙa jirgin da gawar Yuki a gefensa ya afka wa jirgin abokan gaba. Wata biyu kacal bayan haka, a Oktoba, zango na biyu ya fara a talabijin da labari iri ɗaya, amma a ƙarshensa Kodai da Yuki da jirgin duk suka tsira. Desler da harbinsa ya koma kansa, shi ma ya dawo. Mafi muni shi ne fim ɗin Maris 1983, inda aka dawo da Okita da rai, Dakta Sado ya ce kuskure ya yi wajen tabbatar da mutuwarsa. An yi haka ne don tsohon ya samu tarwatsa jirgin da hannunsa ya tare ambaliyar duniyar ruwa Aquarius. Fagen yana da kyau a ido, amma an sayo shi da fage mafi kyau da shirin ya taɓa yi.

Mai son kallo da data kaɗan, kashi 26 ɗin kusan awa 11 ne, amma 1 zuwa 3, da 5, da 10, da 13, sannan 22 zuwa 26 sun isa a fahimci ƙarshen. In a shagon tura fina-finai na Terminus ko Titin Bauchi za a karɓa, a duba wanne aka ba ka. Star Blazers, fassarar Amurka ta 1979, ta sauya sunaye, jirgin ya koma Argo, Okita ya koma Avatar, an kuma rage mace-mace da giyar Dakta Sado. Hoton asali mai siffar 4:3 ne, kada a bari a miƙe shi ya cika allon waya, jirgin zai yi ƙiba fuskoki su baje.

Sabon zubin da Yutaka Izubuchi ya jagoranta, Yamato 2199, wanda ya fito tsakanin 2012 da 2013 shi ma da kashi 26, ya koma kan waɗannan tsagogi ɗaya bayan ɗaya. An mayar da nisan Iskandar 168,000. Starsha ba ta ba da na'urar ba sai da aka toshe igwar, don haka jirgin ya dawo gida ba babban makaminsa. Mamoru ya riga ya mutu a Iskandar, kuma na'urar, a tatsuniyar fim ɗin, ba ta aiki sai da tunanin wani mutumin Duniya a cikinta, nasa aka sa. Da aka harbi Yuki ta mutu, shi ne ya ƙone ƙarfin na'urar gaba ɗaya don ya dawo wa ƙanensa da ita, na'urar ta mutu murus ana dab da gida, wahalar shekara guda tana shirin tashi a banza. Sai da Okita ya cika a ɗakinsa sannan ta sake kamawa.